Ƙusa Ɗaya a Bango

Hajo ta dawo daga makaranta
da takarda an raba ta biyu,
nan suna, can shekara.
"Kaka, malam ya ce a rubuto
gwamnonin Kebbi tun daga tushe,
wa ya hau, yaushe ya sauka."

Na ce zauna, ajiye biro.
Ni Sahabi, masinja ne,
shekara ashirin da tara
ina sharar ofis guda a Birnin Kebbi.
Bokona bai wuce sa hannu ba,
amma ni ke taka kujera
in sauke hoto, in rataya.

Ƙusa ɗaya ce, Hajo.
Ni na buga ta, da dutse,
shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato,
muka iso a bayan a-kori-kura
da kabad biyu, da tafireta mai ciwon haƙori,
da fayil ɗaure da igiyar rama.
Ko fentin bangon bai bushe ba.

Masu kaki ba su zama.
Rediyo ke kawo su da asuba,
rediyo ke kwashe su da asuba.
Wani, kafin idona ya saba da gashin bakinsa
an ce, "Sahabi, ɗauko kujera."

Masu babbar riga ko, da kiɗa suka zo.
Huɗu, in ruwa ya yi gyara a ƙara huɗu.
Hotonsu ya fi faɗi, ya fi nauyi,
har ƙusar ta ɗan sunkuya.

Ke lamba kike nema,
ni ko nawa lissafin daban.
Zamanin wani aka haifi uwarki,
wata ya mutu, wani ya tsaya, aljihu shiru,
ragon suna bashi na ci a kasuwar Ambursa.
Zamanin wani ruwa ya ci shinkafar fadama,
na ga kwalekwale inda nake ɗaure jaki.
Zamanin wani kwalta ta biyo unguwarmu,
ta zo daidai shagon Manu mai faci
ta tsaya cak, kamar mai kunyar surukai,
har yau ba ta ƙaraso ba.
Zamanin wani aka ba ni keke.
Wanga ina sa masa albarka,
ko da bai taɓa jin sunana ba.

Kin san inda suke yanzu?
Akwai sito a bayan ofis,
mabuɗinsa ya daɗe a wuyana.
Can na jera su, fuska ga bango.
Waɗanda a waje ba su ga maciji
nan kafaɗa da kafaɗa suke kwana,
ba jiniya, ba ɗan sanda.
Gara ba ta san Mai Girma ba.
Wani direba ya roƙe ni firam guda,
hoton aurensa ke ciki yanzu a Kalgo.

Abin da ban manta ba shi ne daren tsakani:
an sauke wancan, wanga bai iso ba,
sai tabon fari a bango, kusurwa huɗu,
gizo-gizo na neman sabon gida.
A daren nan ma an sayar da ƙosai,
an kira isha'i, an yi haihuwa,
masunta sun fita da koma.

"Kaka, malam ba zai karɓi wannan ba."

Gaskiyarki. Tafi gidan Tambari tela,
yana da tsohon almanak a bango,
ki kwafo sunaye da shekaru daidai,
kada ki tsallake ko na wata biyu.
Ni takardar garatutina ta ga gwamna biyu,
tana kan tebur, ba ta gaji da jira ba.

Amma in kin gama, kada ki ja layin rufewa.
Bar fili a ƙasa, kamar taƙi guda.
Shekaranjiya na leƙa ta taga,
sabon masinja na gyangyaɗi,
kujerar tana lungunta,
ƙusar tana nan, ba ta ko yi tsatsa ba.